Gadon ci da sarrafa kuzari a shanun madara masu kiwo: tambayoyi da amsoshi

Akwai wuraren da arzikin madararsu ya dogara a kan ciyawar da saniya ke tsinka da bakinta, kamar Niyu Zilan da Ayalan da jihar Biktoriya a kudancin Ostireliya. A can ne aka fi zurfafa bincike kan abin da makiyaya suka daɗe da sani: shanu biyu za su yi kiwo a fili ɗaya, su sha a mashaya ɗaya, ɗaya ta ba da madara tana riƙe da jikinta, ɗaya kuwa ta rame har a ƙirga haƙarƙarinta. Tambayoyin nan sun shafi rabon da gado yake da shi a wannan bambanci.

Da gaske yawan cin saniya gadonsa ake yi?

Ana gadonsa, amma ba duka ba. Binciken da Donagh Berry da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 daga cibiyar Moorepark ta hukumar binciken noma ta Teagasc a Ayalan ya nuna cewa kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na bambancin cin ciyawa tsakanin shanu masu kiwo daga gado yake, gwargwadon kwanakin da saniya ta yi da haihuwa. A 2014 aka haɗa bayanan shanu kusan 7,000 daga ƙasashe 9, aka sami kimanin kashi 34.

A fahimci abin da adadin ke nufi. Ba cewa ake yi kashi ɗaya cikin uku na abin da saniya ta ci daga ubanta ya zo ba. Ana nufin idan ka dubi garke ka ga wasu sun fi wasu ci, kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan fifiko yana bin jini, sauran kuwa na lafiya ne da shekaru da yanayi da irin renon da aka yi wa saniya tun tana maraƙa. Wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Ya yi kusa da na yawan madara, wanda da shi aka sauya kamannin shanun duniya cikin shekara hamsin, ya kuma ninka na saurin ɗaukar ciki, wanda bai cika wuce kashi 5 ba.

Nawa saniya ke ci a rana idan tana kiwo?

Ana lissafin ci ne da busasshen nauyi, wato abin da ya rage bayan an ƙafe ruwan ciyawa. Ɗanyar ciyawa mai kyau kusan kashi 80 zuwa 85 ɗinta ruwa ne. Saniya mai kilo 500 da ake tatsa tana cin busasshen nauyi kilo 15 zuwa 18, wanda ya kai ɗanyar ciyawa kusan kilo 100.

Ka tsaya kusa da ita ka ga yadda take tara wannan kilo 100. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Harshe take miƙawa ta naɗo ciyawa, ta danne ta da haƙoran ƙasa, ta fizge kai. Tana yin haka kusan sau 60 a minti ɗaya, na tsawon awa 8 zuwa 10 a yini, kowace fizga kuma abin da ke cikinta bai cika kai giram ɗaya na busasshen nauyi ba. Bayan haka tana buƙatar wasu awa 7 zuwa 8 na tuƙa, ga tafiya wurin tatsa da dawowa, ga hutu. Awa 24 ne dai a rana. Idan ciyawa ta yi gajarta, fizgar ta ƙanƙance, ba ta da isasshen lokacin da za ta rama.

A 1998 Kolver da Muller sun gwada wannan a jihar Pensilbaniya ta Amurka da shanun Holstin masu yawan madara. Waɗanda aka sake a ciyawa mai kyau ƙwarai sun ci kilo 19 a rana suka ba da madara kusan kilo 30. 'Yan uwansu da aka zuba wa haɗaɗɗen abinci a kwami sun ci fiye da kilo 23, madararsu ta kai kilo 44. Jini ɗaya ne, amma bakin mai kiwo ya kasa kai wa hantsarta abin da take nema.

Ina kuzarin abin da ta ci yake tafiya?

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku yana fita a kashi ba tare da ya narke ba, ya fi haka ma idan ciyawar ta tsufa. Kimanin kashi 6 yana fita a iskar metan ta gyatsa, kaɗan kuma a fitsari. Daga abin da ya rage, wani ya tafi a zafin jiki, sauran a raba tsakanin riƙon rai, tafiya, madara, ɗan tayi da kitse.

Ga misali da megajul, ma'aunin da ake amfani da shi. Saniya mai kilo 500 tana buƙatar kusan megajul 60 a rana don numfashi da bugun zuciya da aikin hanta da hanji, ko da ba ta ba da ɗigon madara ba. Kowace lita tana cin megajul 5 da 'yan kai. Idan tana ba da lita 20, kusan kashi ɗaya cikin uku na abincinta ne ya tafi a riƙon rai. Idan lita 5 take bayarwa, kusan kashi biyu cikin uku ne. Mafi yawan ribar da aka samu a kiwon madara na zamani daga nan ta fito: ba narkar da abinci shanu suka ƙara iyawa ba, madarar ce ta yi yawa har kuɗin riƙon rai ya rabu a kan lita da yawa.

Ta yaya ake sanin abin da saniya ɗaya ta ci alhali tana cikin garke a fili?

Nan ne wahalar aikin take, kuma dalilin da ya sa wannan fanni ya yi baya kenan. A rumfa abu ne mai sauƙi: kwamin yana kan sikeli, yana gane saniya da alamar da ke kunnenta, ya rubuta abin da ta ɗauka. A makiyaya babu kwami.

Hanyar da aka fi amincewa da ita an fito da ita a Sikotilan a 1986. Ganyen ciyawa yana da wani siririn kaki a bayansa, a cikin kakin akwai sinadaran alken waɗanda cikin saniya ba ya narkar da su sosai. Ɗaya daga cikinsu, mai ƙwayoyin kabon 33, yana da yawa a ciyawa. Sai a ɗauko ɗan uwansa mai kabon 32, wanda kusan babu shi a ganye, a auna adadi sananne, a ɗura wa saniya safe da yamma har kwana 12. Daga kwana na 7 ake fara ɗibar kashin kowace saniya sau biyu a rana, a kuma yanki samfurin ciyawa daidai tsayin da shanun ke tsinka. A ɗakin gwaji a busar, a niƙa, a auna yawan sinadaran biyu. Tun da an san nawa aka ɗura na 32, kuma an san nawa ne na 33 a kowane kilo na ciyawa, kwatanta su a cikin kashi zai nuna kilo nawa ta ci.

Duk wannan ɗawainiya amsar mako ɗaya tak take bayarwa. Don a san cin saniya a tsawon tatsa guda, sai an maimaita sau da dama. Shi ya sa ake da bayanan madara na miliyoyin shanu, amma na cin ciyawa 'yan dubbai ne. Yanzu ana gwada na'urorin wuya masu ƙirga lokacin kiwo da tuƙa, da kuma haska madara da hasken infared don a hasashe ko saniya tana cin jikinta, wato tana narkar da kitsenta. Suna taimakawa, amma hasashe ne, ba awo ba.

Ƙaramar saniya ta fi, ko babba?

A kiwon ciyawa, matsakaiciya ko ƙarama ta fi yawan cin riba. Kuzarin riƙon rai yana ƙaruwa da nauyi, ko da yake ba ɗaya bisa ɗaya ba: mai kilo 600 tana buƙatar kusan kashi 36 fiye da mai kilo 400. Idan ƙarin madararta bai biya wannan ba, asara ce. Manomin Niyu Zilan ba ya tambayar nawa saniya ta ba shi, nawa hekta ta ba shi yake tambaya, domin ciyawar hektar ce ke da iyaka.

Saboda haka ma'aunin darajar iri da ƙasar ta fara amfani da shi a 1996, wanda ake kira BW, yana rage wa bijimi maki idan 'ya'yansa masu nauyi ne, kuma ana lissafin ribar ne a kan ƙayyadadden adadin abinci. Sakamakon yana nan a fili: rabin shanun madarar ƙasar ko fiye ruwa biyu ne, Firiziyan da Jarsi. Nauyin jiki kuwa yana bin jini sosai, saboda haka gyara shi ba ya ɗaukar lokaci.

Idan shanu biyu nauyinsu ɗaya, madararsu ɗaya, cinsu zai iya bambanta?

Ƙwarai. Wannan bambanci shi ne rarar ci, wanda Koch da abokan aikinsa suka fara bayyanawa a shanun nama a 1963. Ana lissafa abin da ya kamata saniya ta ci bisa nauyinta da madararta da ƙaruwa ko raguwar jikinta, sai a kwatanta da abin da ta ci a zahiri. Wadda ta ci ƙasa da lissafi ita ce mai tattali.

Ostireliya da Niyu Zilan sun haɗa hannu sun auna karsana kusan 2,000 'yan wata 6 zuwa 9, ana rubuta cin kowace daban. Tsakanin waɗanda suka fi tattali da waɗanda suka fi ɓarna an sami tazarar kusan kashi 20 a ci, alhali girmansu ɗaya. Da karsanan suka girma suka haihu aka sake auna su suna tatsa, tazarar tana nan amma ta dawo kusan kashi 3. Wannan kashi na biyu na labarin ya kamata a riƙa ambata tare da na farko, domin masu tallar iri sun fi son tsayawa a kan 20. Kashi 3 ma ba abin rainawa ba ne a garke mai ɗaruruwan shanu, tun da abinci shi ne mafi girman abin da mai madara ke kashe wa kuɗi.

Akwai ƙwayar gado ɗaya da ke da alhakin wannan?

Babu. Dubban ƙwayoyi ne, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta: wasu a narkar da abinci, wasu a girman hanta da hanji, wasu a yawan zirga-zirga, wasu ma a irin ƙananan halittun da ke zama a tumbi. An san 'yan kaɗan masu babban tasiri a wasu halaye, kamar DGAT1 da aka gano a 2002 mai ƙara maiƙon madara, amma ba a sami irinta ga ci ba.

To me zai hana a zaɓi masu ƙarancin ci kawai, a huta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma a nan ake yin kuskure mai tsada.

Bayan haihuwa madara tana hawa da sauri, ta kai ƙololuwa cikin mako 4 zuwa 8. Ci kuwa a hankali yake hawa, sai bayan makonni da dama yake cim mata. A tsakanin nan saniya tana narkar da kitsen jikinta ta zuba a madara. Kowace saniya mai madara tana yin haka, halitta ce. Amma zurfin ramar da tsawonta suna bin jini. Idan ka dubi alƙaluman watannin farko kawai, saniyar da ta fi kowace cin jikinta za ta fito kamar ita ce ta fi tattali: madara da yawa, ci kaɗan. Gaskiyar magana bashi take ci. Kitse ya taru a hantarta, ta yi jinkirin neman bijimi, in an yi mata barbara ma cikin ya ƙi zama.

A Ayalan shanu suna haihuwa ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, a Niyu Zilan daga Yuli zuwa Satumba, don buƙatarsu ta zo daidai da tsirowar ciyawa. Cikin saniya kwana 282 ne ko kusa da haka. Don ta sake haihuwa a kan kari, kwana 83 kawai take da su ta warke, ta nemi bijimi, ta ɗauka. Wadda ta makara fita take yi daga garke, a maye gurbinta da karsana wadda ta ci abinci shekara biyu ba ta ba da komai ba. Idan aka sa abincin renon nan a lissafi, saniyar da ta yi tatsa shida ta fi mai tatsa biyu tattali ko da ta fi ta ci a kullum.

A ganina, saniyar kiwo ta gari ita ce mai ci da yawa gwargwadon girmanta, mai saurin buɗe ciki bayan haihuwa. Ƙarancin ci sai ya zama alheri idan an tabbatar ba daga jikinta take cike giɓin ba. Shi ya sa ake sa ma'aunin ƙiba a lissafi. Ana shafa haƙarƙari da ƙashin baya da ƙugu da ramin gindin wutsiya a ba da maki, a Ayalan daga 1 zuwa 5, a Niyu Zilan daga 1 zuwa 10, a ma'aunin Niyu Zilan ɗin ana so babbar saniya ta haihu tana kan 5.

Bijimin da ya yi fice a Amurka ko Holan zai yi fice a makiyaya?

Ba dole ba ne, kuma ƙasashen nan sun koya ta hanya mai wuya. A shekarun 1980 da 1990 maniyyin Holstin na Amurka ya bazu a duniya, har Ayalan da Niyu Zilan. Madara ta ƙaru, amma ɗaukar ciki ya ja baya. A farkon shekarun 2000 aka kwatanta tsatson biyu a Moorepark da kuma a Niyu Zilan. Na Amurka sun fi girma, sun fi madara idan an ƙara musu hatsi, amma a ciyawa zalla sun fi ramewa kuma sun fi ƙin ɗaukar ciki. Na Niyu Zilan sun riƙe jikinsu. An zaɓi kakannin na farko ne a gaban kwami, na biyu kuwa a fili.

Ayalan ta sauya hanya a 2001 da ma'aunin darajar iri mai suna EBI, wanda ya ba haihuwa da daɗewa a garke nauyi mai yawa a maimakon madara kaɗai, kuma haihuwar garkenta ta farfaɗo. Binciken ƙasashe 9 da aka ambata ma ya nuna cewa dangantakar gadon ci a rumfa da gadon ci a makiyaya ba ta da ƙarfi kamar yadda take tsakanin rumfa da rumfa. Halaye ne biyu masu kama da juna, ba hali ɗaya ba.

Me gwajin ƙwayoyin gado ya ƙara?

Ya sa 'yan dubban shanun da aka auna sun amfani miliyoyin da ba a auna ba. Tun wajen 2008 zuwa 2009 ake iya ɗaukar gashi ko ɗan tsokar kunne a karanta alamomin gado sama da 50,000. A kwatanta alamomin da awon shanun bincike, sai a iya hasashen ɗan maraƙin da bai kai wata guda ba.

Ostireliya ce ta fara fitar da makin tattalin abinci ga bijimai a Afrilu 2015, aikin Jennie Pryce da abokanta, inda aka haɗa rarar ci da nauyin jiki aka bayyana shi da kilo nawa na abinci 'yar bijimin za ta rage a shekara. Amurka ta bi sahu a Disamba 2020, Kanada a 2021. Sai dai tabbacin wannan maki bai kai na madara ba, saboda ƙarancin shanun da aka auna. Kuma hasashen da aka gina a kan Holstin ba ya aiki sosai a kan wani iri daban.

Yana da alaƙa da iskar metan?

Yana da ita. Yawan metan yana bin yawan ci, don haka saniyar da ta ba da lita ɗaya da abinci kaɗan ta rage iskar da ke kan wannan lita. Fitar da metan shi kansa yana ɗan bin jini, kuma a Niyu Zilan kamfanonin irin shanu na LIC da CRV suna auna shi a ƙananan bijimai kafin a zaɓe su.

Ina ruwan Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak da wannan magana?

Ruwansu da yawa, domin su ma masu kiwo ne, kuma ciyawarsu ta fi ta Ayalan wuya nesa ba kusa ba. Gamba da kyasuwa suna da amfani a farkon damina, amma da sun yi kara suka bushe kuzarinsu da furotin ɗinsu sun faɗi, a bazara kuwa saniya ba ta samun ko na riƙon rai. Ga tafiya: saniya mai kilo 300 da ta yi kilomita 10 tsakanin ruga da makiyaya da mashaya ta ƙona abin da ya fi na lita ɗaya ta madara. Ga zafi, wanda ke sa dabba ta rage ci don ta rage zafin da tumbinta ke haifarwa.

Shanu masu tozo suna buƙatar kuzarin riƙon rai ƙasa da na Turai da kusan kashi 10, suna jure zafi da kaska, kuma idan abinci ya yanke suna janye madara su tsare ransu. Holstin ba ta da wannan birki. Za ta ci gaba da zuba madara daga jikinta har ta kwanta. Abin da ake kira ƙarancin madarar shanunmu, wani ɓangarensa kariya ce da ƙarnuka na rani suka zaɓa.

Wannan ba ya nufin kada a haɗa iri. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana haɗa Firiziyan da Bunaji, kuma 'ya'yan farko masu rabi da rabi sun fi Bunaji zalla madara sosai idan sun sami dusa da angurya da magani. A Nijar tashar Tukunus ta bi wata hanyar, ta zaɓe a cikin Azawak kanta. Abin da aka gani a ƙasashe masu zafi da dama shi ne, da jinin Turai ya haura rabi ba tare da abinci da inuwa da ruwa sun ƙaru ba, mace-macen maruƙa da jinkirin haihuwa sukan cinye ribar.

Wanda ba shi da sikeli ko ɗakin gwaji, me zai iya yi?

Ya rubuta abubuwa uku ga kowace saniya: ranar haihuwarta, madararta sau ɗaya a wata da mudu ko kwano guda da ba ya canzawa, da yanayin jikinta a ƙarshen kaka da ƙarshen bazara. Igiyar awo da aka zagaya ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba tana ba da kusan nauyi. Cikin shekara biyu zuwa uku zai ga wadda ke fita rani da sauran nama a ƙugu, ta haihu a kan lokaci, madararta kuma ba ta gaza ta 'yan uwanta ba. Ɗanta ya cancanci zama bijimin garke, ko da uwar ba ita ce ta fi girma ko kyan ƙaho ba.

Idan kuma za a sayi maniyyi don barbarar allura, a tambayi mai sayarwa ƙasar da aka auna 'ya'yan bijimin, ko a rumfa ne ko a makiyaya, nauyinsu nawa ne idan sun girma, da makinsa na haihuwa da riƙon jiki. Sannan mai saye ya lissafa harawa da dusa da ruwan da zai iya tanada daga Janairu zuwa Mayu, ya zaɓi bijimin da 'yarsa za ta ƙoshi da su.